Wa Zai Ɗauki Asarar? Fashin Baƙi Kan Riƙe Ƙaramar Mujallar Waƙoƙi

A shekarar 1911 wata mata mai suna Harriet Monroe, tana da shekara 50 a duniya, ta riƙa bin masu hannu da shuni na birnin Shikago a Amurka, ofis-ofis, gida-gida. Masu bankuna, masu masana'antu, lauyoyi, matan manyan gidaje. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba a wurin irin waɗannan mutane: kowa ya sa hannu a takarda cewa zai riƙa ba da dala 50 duk shekara, har shekara biyar. Ba ta yi wa kowa alkawarin riba ba, ba ta ma ce uwar kuɗi za ta dawo ba. Hujjarta ɗaya ce. Garin yana da gidan ajiye zane-zane, yana da zauren makaɗa, duk kuwa masu hali ne ke ɗauke da nauyinsu ba tare da sun tambayi riba ba, amma rubutacciyar waƙa ko rumfar kara ba ta da ita. Sai da ta tara mutum 100 da 'yan kai, wato abin da ya kai dala 5,000 a shekara, sannan ta kama ɗaki ta sa tebur. A watan Oktoba na 1912 fitowar farko ta mujallar Poetry ta shiga hannun jama'a, kuma har gobe tana fitowa.

Abin da ya sa na fara da labarinta shi ne yadda ta jera matakan aikin. Mu masu son waƙa, in sha'awar kafa mujalla ta taso mana, da suna muke farawa. A zaɓi suna mai daɗi, a zana bango, a tattaro waƙoƙin abokai, edita ya fasa asusunsa a buga, a kama zaure a yi bikin ƙaddamarwa. Fitowa ta biyu sai ta makara wata huɗu. Ta uku kuwa ta maƙale a maɗaba'a saboda cikon kuɗi, daga nan shiru. Abin yana ci mini rai, domin waɗanda suka fara ɗin masu hazaƙa ne, waƙoƙin ma akwai su jingim. Tambayar da aka tsallake ita ce wadda Monroe ta fara amsawa tun kafin ta karɓi waƙa ko ɗaya: wannan abu asara zai riƙa yi duk wata, to wa zai ɗauke ta, kuma me zai nema a bakin ɗaukar?

Mu fara da asarar kanta, domin wanda bai yarda da ita tun farko ba, ranar da ta bayyana zai ɗauka gazawarsa ce. A wancan lokaci santi 15 ake sayar da kwafin Poetry, mai biyan kuɗin shekara kuma ya ba da dala ɗaya da rabi. Ke nan kowane ɗaya daga cikin masu sa hannun nan yana tsaye ne a madadin masu karatu 33. Kafin kuɗin masu karatu kaɗai ya kai dala 5,000, sai an sami mutum sama da 3,300 masu biya duk shekara ba fashi. Wannan fa a ƙasar da galibin jama'a sun iya karatu, gidan waya kuma yana kai takarda har ƙofar gida. Sabuwar mujallar waƙoƙi ba ta tara irin wannan jama'a a shekarunta na fari.

Dalilin yana cikin yadda aikin ɗab'i yake. Kafin inji ya tofo kwafi ɗaya, an riga an kashe kuɗin tsara shafuka, da na gyaran rubutu, da na farantan da ake ɗaura wa injin, da na bango. Waɗannan kuɗi ba ruwansu da yawan abin da za ka buga. Ko 200 ne ko 5,000, haka za ka biya su. Mai jarida yana raba su a kan dubban kwafi, su zama ba komai. Mai mujallar waƙa yana raba su a kan 'yan ɗaruruwa, sai kowane kwafi ya faɗo masa da tsada. In ya ɗora tsadar a kan mai saye, mai saye ya ja da baya, tunda yawancin masu son waƙa ɗalibai ne da malaman makaranta da su kansu sha'iran. In ya sauke farashi, yana sayar da abu ƙasa da yadda ya tsaya masa. Talla, wadda ita ke riƙe da jaridu, ba ta zuwa inda idanu ba su da yawa. Ga kuma kason mai shago, wanda ba ya biya sai ya sayar, abin da ya yi kwantai ya dawo maka da shi ya sha ƙura. A Najeriya akwai ƙarin wani nauyin. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su iya riƙe kasuwa ba, galibin takardar bugu daga waje ake shigo da ita, saboda haka duk ranar da dala ta motsa, kuɗin fitowa ta gaba ya motsa.

Wani zai ce ai yanzu ga intanet, a daina wahala da takarda. Gaskiya ne ta ɗauke kuɗin takarda da na mota. Ba ta ɗauke lokacin mutumin da zai zauna ya karanta waƙa 300 don ya zaɓi 20 ba, haka ladan sha'iri, haka kuɗin riƙe shafin shekara bayan shekara. Asarar raguwa ta yi, babban kasonta kuma ya koma kan dare da ranar edita, waɗanda ba sa shiga littafin lissafi.

To wa zai ɗauka? Hanya mafi kusa ita ce edita ya ɗora wa kansa. A wannan gari na Shikago, shekara biyu bayan Monroe, wata matashiya mai suna Margaret Anderson ta fara The Little Review a 1914, ba asusu ba madogara. Ba ta biyan marubuta ko sisi. Akwai lokacin da kuɗin haya ya gagara, ta kwashe komatsanta ta kafa tanti a bakin tafkin Mishigan, daga can take shigowa gari tana haɗa mujalla. Ta sha 'yanci iya 'yanci, babu mai ce mata cire wannan sa wancan, kuma ta buga rubuce-rubucen da suka sauya alƙiblar adabin Ingilishi. Sai dai fitowar ta riƙa tsalle, daga wata-wata ta koma wata uku-uku, daga nan sai sa'ad da hali ya yi, har ta rufe a 1929.

Hanya ta biyu ita ce ubangida guda. Wannan kam Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kanta, domin ya san makaɗin fada, ya san mawaƙin jam'iyya. A da riga da doki ubangida ke bayarwa, yau mota da kujerar Makka, kuma sana'a ce mai tarihi da ƙa'idojinta, ba abin rainawa ba. Amma kowa ya san akwai maganar da ba za ta taɓa fita daga bakin makaɗin fada ba. Mujallar da mutum ɗaya ko hukuma ɗaya ke ciyarwa ta shiga wannan sahu, ko ta so ko ta ƙi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya faru a Ibadan da Kamfala ya nuna cewa ko ubangidan bai taɓa miƙo kai a yi masa askin ba, ana iya shiga uku. A 1957 Ulli Beier, haifaffen Jamus da ke koyarwa a Ibadan, shi da Janheinz Jahn, suka fara mujallar adabi mai suna Black Orpheus. Ta buga waƙoƙin matasan Afirka masu rubutu da Ingilishi, ta fassaro na masu rubutu da Faransanci, ta kuma ba waƙoƙin baka na gargajiya wuri. Da farko Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Yamma ce ta tallafa wa bugun. Bayan an kafa ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari a 1961, sai tallafi ya riƙa zuwa daga wata ƙungiyar raya al'adu mai mazauni a Faris, Congress for Cultural Freedom. Ita ce kuma ta riƙa taimaka wa Transition, mujallar da Rajat Neogy ya kafa a Kamfala ta Yuganda a wannan shekara ta 1961. A tsakanin 1966 da 1967 jaridun Amurka suka fasa ƙwai: ashe kuɗin wannan ƙungiya daga hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, suke fitowa ta bayan fage. Neogy ya ce bai sani ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa abin da zai buga. Ni na yarda da shi, domin wanda ya duba abin da mujallun nan suka buga ba zai ji muryar wata gwamnati a ciki ba. Amma tabon ya riga ya zauna, kuma ya zama sanda a hannun masu neman dalili. A 1968 gwamnatin Milton Obote ta kama Neogy ta tsare, mujallar ta tsaya a Yuganda, sai a 1971 ta sake fitowa daga Akra ta Gana. Edita yana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, amma in bai san asalin rijiyar da yake sha ba, sunan duk sha'irin da ya buga yana cikin haɗari tare da nasa.

A nan ne hikimar Monroe take fitowa fili. Cikin mutum 100 ɗin nan babu wanda ya ba da abin da ya wuce ɗan ƙaramin kaso na kuɗin. In wata waƙa ta ɓata wa wani attajiri rai ya janye, dala 50 ce ta tafi, mujalla tana nan. Babu wanda zai ɗaga waya ya ce ga 'yar waƙar ɗana a sa a shafin farko, domin bai sayi wannan iko ba. Shekara biyar ɗin ma da gangan ne: ta isa mujalla ta yi kuskure, ta gyara, a san ta. Ya yi kama da adashi, sai dai babu mai kwasa. Ya fi kusa da yadda 'yan unguwa ke haɗa kuɗi su haƙa rijiya, kowa ya sha, babu mai sa mata kwaɗo. Ban ce tsarin ba shi da wahala ba. Ya mayar da Monroe mai yawon neman taimako har ƙarshen ranta, domin duk sa'ad da wa'adi ya cika sai an sake zagaye, wasu sun mutu, wasu sun gaji. A shekarun 1930, da tattalin arzikin Amurka ya karye, mujallar ta kai bakin rufewa. Abin da tsarin ya saya mata shi ne lokaci, da kuma sakakken hannu.

Sakakken hannun me za a yi da shi? A iya cewa a'a, a kuma iya cewa i ga wanda babu wanda ya san shi. A fitowa ta biyu, ta Nuwamban 1912, Monroe ta rubuta manufarta a fili: ƙofa a buɗe take, mujallar ba za ta ɗaure kanta ga wani rukuni ko wata mazahabar waƙa ba, za ta buga mafi kyawun abin da ya iso gare ta ko daga ina yake, ko wa ya rubuta. Faɗar haka abu ne mai sauƙi. Cika shi kuwa sai da ya haɗa ta da mutumin da ya fi kowa ba ta ciwon kai.

Kafin fitowar farko ta aika wa sha'irai takardar gayyata. Cikin waɗanda suka amsa akwai Ezra Pound, Ba'amurke mazaunin Landan, matashi mai zafin kai da kaifin harshe, wanda ya zama wakilinta na ƙasashen waje. Ta hannunsa waƙoƙin Rabindranath Tagore na Indiya suka fito a mujallar a Disamban 1912, shekara guda kafin a ba shi kyautar Nobel. A ƙarshen 1914 Pound ya aiko mata da wata doguwar waƙa ta wani saurayi da ba a san shi ba, T. S. Eliot. Waƙar ba ta kwanta mata ba. Ta ajiye ta wata da watanni, Pound yana ta aiko da wasiƙu masu zafi, ya kuma ƙi yarda a taɓa ko kalma ɗaya. Sai a Yunin 1915 ta buga ta, can wajen ƙarshen waƙoƙin fitowar. Yau waƙar tana cikin waɗanda ake fara koyar da sabon salon waƙar Ingilishi da su. Wasu suna ba da wannan labari don su nuna gajeren hangen Monroe. Ni abin da nake gani a ciki daban ne. Kunnen kowane edita yana da iyaka. Akwai karin da ya saba da shi, akwai wanda zai ji kamar hayaniya. Abin da ya cece ta shi ne ta ajiye kusa da ita mutumin da kunnensa ya saɓa da nata, wanda ba ya jin nauyin yi mata musu, ta jure masa, amma hukuncin ƙarshe ya zauna a hannunta. Editan da ya kewaye kansa da 'yan amshin Shata zai yi ta buga irin waƙar da shi da kansa zai rubuta.

Wani abin da ta tsaya a kai tun ranar farko shi ne biyan sha'iri. Ta san zafin abin a jikinta. A 1892 wata jaridar birnin New York ta buga wata doguwar waƙarta ba da izininta ba, ta kai ƙara, kotu ta sa a biya ta dala 5,000. Biyan ko kaɗan ne yana sauya zaman da ke tsakanin edita da sha'iri. In kyauta aka ba ka waƙa, alfarma aka yi maka, bakinka ya yi nauyi ka ce baiti na bakwai ya karye. In saye ka yi, kana da bakin magana, shi ma ya san aikinsa ba shara ba ne.

Akwai wata ƙofa da raunanan waƙoƙi ke shigowa ta cikinta wadda sai wanda ya taɓa tsayawa gaban injin bugu ya san ta. Babbar takarda ake bugawa a ninke, saboda haka shafuka huɗu-huɗu, takwas-takwas ko sha shida-sha shida suke tafiya. In kana da waƙoƙi masu kyau da suka cika shafi 43, mai maɗaba'a zai ce maka 48 ne, sai ka nemo abin cike biyar. A daren nan ne ake jawo waƙar da aka ajiye gefe a ce ai ba laifi. Margaret Anderson ta taɓa yin abin da ya girgiza mutane a kan wannan: a fitowar Satumban 1916 ta bar shafi 13 fari fat, ta ce abin da aka aiko mata bai cancanci bugu ba. Ban ce kowa ya yi haka ba, takarda da tsada. Amma gara a cike gurbin da sharhi, ko hira da wani dattijon sha'iri, ko tsohuwar waƙar da ta ɓace daga hannun mutane, da a buga abin da editan kansa bai yarda da shi ba. Mai karatu yana ganewa, kuma da ya gane sau biyu ya daina saye.

Yadda ake cewa a'a shi ma aiki ne. Wata mata mai suna Ruth Lilly, magajiyar dukiyar kamfanin magunguna na Eli Lilly, ta sha aika wa Poetry waƙoƙinta, ba a taɓa buga ko ɗaya ba. Joseph Parisi, wanda daga baya ya zama babban edita, shi ke mayar mata da su, da 'yar wasiƙa da ya rubuta da hannunsa cikin mutuntawa. A 2002 aka sanar cewa ta ba mujallar kyautar da aka ƙiyasta a lokacin ta kai dala miliyan 100. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin abin jira, irinsa sau ɗaya yake faruwa. Abin lura shi ne an ƙi waƙarta, ba a kuma wulaƙanta ta ba, har ta ci gaba da ganin girman gidan. Kuɗin kuwa sun zo da tasu rigimar. Mujallar da 'yan ma'aikata ƙalilan ke haɗawa ta koma ƙarƙashin babbar gidauniya a 2003, aka gina mata katafaren gini da aka buɗe a 2011, sha'irai kuma suka yi ta muhawara a kan yadda ake kashe dukiyar da wanda ke da ta cewa. Daga ranar ta fita daga sahun ƙananan mujallu.

In muka waiwayo gida, rubutacciyar waƙar Hausa ta daɗe tana kwana a ɗakin wasu. Ta zauna a warƙoƙin ajami da almajirai ke kwafa, ta sami shafi a Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta shiga rediyo da kaset. A Kano sha'irai sun haɗa kansu a ƙungiyoyi, irin Hikima Kulob ta su Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta su Aƙilu Aliyu. Yau tana yawo a wayoyi ta WhatsApp da Facebook. Wanda zai gina mata ɗakinta na kanta, duk abin da na faɗa a sama yana kansa, ga kuma wasu matsalolin da Monroe ba ta san su ba.

Waƙarmu don kunne ake rubuta ta. Sha'iri yana rubutu ne da karin da zai rera a ransa, takarda rabin aikin take ɗauka. Boko kuma ba ya nuna dogon wasali da gajere, alhali a kansu karin yake tafiya. Saboda haka editan da ba ya iya rera baiti ya ji inda ya yi ɗingishi bai isa ya zaɓi waƙa ba, komai yawan digirinsa, kuma mujallar da za ta yi wa waƙar adalci sai ta haɗa bugu da muryar mai ita, abin da waya ta sauƙaƙa yanzu. Ga tsawo. Waƙa ta buɗe da sunan Allah da salati, ta bi jigonta baiti 40 ko 60, ta rufe da sunan mai ita, wani lokaci har da ramzin shekara. Waƙa biyar irin wannan sun cinye mujalla. Yanke ta kuwa ba a yi sai da yardar mai ita. Ga karin harshe: Basakkwace ko Bakatsine ko mutumin Damagaram ya ɗaura amsa-amonsa a kan yadda ake faɗar kalma a garinsu, mai gyara ya zo da kyakkyawar niyya ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa, ya rushe ƙafiyar tun daga sama har ƙasa.

Na taɓa zama a wani shagon buga takardu ina jiran aikina, sai wani dattijo ya zo karɓar waƙarsa 'yar ƙwar biyar da ya kawo a rubuce cikin littafin makaranta. Yaron da ke kan kwamfuta ya jera ɗangogin a miƙe kamar wasiƙa don takarda ta rage, baƙaƙe masu ƙugiya kuma ko ɗaya bai sa ba. Dattijon ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a layin farko, ya fara rerawa ƙasa-ƙasa. Bai yi nisa ba ya tsaya, a inda baƙi suka koma baki. Yaron ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, za a gane." Dattijon ya ce, "Ɗana, ni da na rubuta ta ma ban gane ta ba." Ya zauna a benci, suka sake ta tun daga farko, yana faɗa ɗango-ɗango yaron yana bugawa, har aka kira la'asar. Abin da dattijon nan ya yi wa waƙarsa, shi ake nema edita ya yi wa waƙar kowa, a kowace fitowa.

Mafi nauyi a wurinmu, a ganina, kunya ce da zumunci. Malaminka da ya koya maka aruli ya aiko da waƙa, ba ta kai ba. Surukinka ya aiko. Mai ba da gudummawa ya aiko da ta yabon wani mai mulki. A al'adarmu mayar wa babba abinsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na so mu rabu da wannan ladabi. Mafita ita ce a ɗauke nauyin daga wuyan mutum ɗaya. A sa masu tacewa uku, a cire sunan mai waƙa kafin ta isa gare su, har da rufe baitin ƙarshe inda sha'iri ya saba ambaton kansa. A rubuta ƙa'idar a kowace fitowa, kowa ya gani. Sa'an nan edita zai iya zuwa har gida, ya durƙusa ya gaida malaminsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, kwamiti ne bai ɗauka ba," kuma gaskiya ya faɗa. Wannan tsari shi zai buɗe ƙofa ga matan da ke rubutu a cikin gidajensu da samarin ƙauye waɗanda ba su san kowa ba.

Rabawa kuwa, hanyar da muka sani ita ce mai aiki: a ɗaure ƙunshi a kai tasha, a ba direba sallahu, wani amintacce ya karɓa a Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram, a san yadda za a daidaita naira da sefa. Kada kuma a manta da karɓar lambar rajistar mujalla daga Ɗakin Karatu na Ƙasa da ajiye kwafi a can da ɗakunan karatun jami'o'i, don mai bincike ya same ta bayan shekara 50.

Saura tambaya ɗaya da ba a son yi: ranar da mai ita ya tashi fa? A 1958 wani ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, J. P. Clark, da taimakon malaminsa Martin Banham, ya fara 'yar mujallar waƙoƙi mai suna The Horn. Da tafireta ake buga ta, a gurza a inji, a maƙale. Ba ta da kyan gani, amma a cikinta waƙoƙin farko-farko na Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka fito. Tun da ɗalibai ne, kowa ya san zai gama ya tafi, sai miƙa ragama ya zama dole. Daga Clark ta bi hannun wasu, cikinsu har da Abiola Irele, ta kai 1964. Black Orpheus kuwa, da Beier ya bar Najeriya a 1966, Clark da Irele sun karɓe ta, amma ga yaƙin basasa ga yankewar tallafi, fitowarta ba ta sake daidaita ba.

Monroe tun farko ba ta yi aikin ita kaɗai ba. Ta fara da mataimakiya, Alice Corbin Henderson, bayanta wasu suka biyo, suna buɗe wasiƙu tare da ita, sun san masu ba da gudummawa, sun san mai maɗaba'a, sun san inda littafin lissafi yake. A 1936, tana da shekara 75, ta je taron marubuta a Ajantina, a hanyar dawowa ta biya ta Peru don ta ga tsohon birnin Machu Picchu. A garin Arequipa ciwo ya kama ta, ta rasu a watan Satumba, a can aka binne ta. A Shikago mataimakinta Morton Zabel ya zauna a kujerar, fitowar wata mai bi ta tafi maɗaba'a.